Ɗan Layin da Verna Ta Ja

Shekara hamsin da ɗaya Verna Tollefson ta yi tana rubuta wasan ƙungiyar bezbol ta garin Brodek, can cikin gonakin masarar Minnesota. Kowace Lahadin bazara, da an fito coci, za a gan ta rungume da dogon littafi mai koren bango, fensir biyu a soke a gashinta, ta nufi ɗan akurkin katako da ke bayan ragar waya. Yaran da ta fara rubuta sunayensu sun tsufa, ta rubuta na 'ya'yansu, ta taɓa na jikoki. Garin duka Goggo Verna ake ce mata, har da waɗanda suka girme ta.

Aikin na mahaifinta ne. Tana da shekara goma sha biyar injin girbin masara ya cinye masa yatsu uku, sai ya miƙa mata fensir da hagu ya ce ta zauna. Ya nuna mata shafin, mai gidaje kamar na dara: kowane mai bugu da layinsa, kowane turmi cikin turmi tara na wasa da gidansa, kowane mai tsaron fili da lambarsa. Idan mutum ya doki ƙwallo da kulki ya ruga ya isa zangon farko, cikin huɗun da ake zagayawa a fili, da kyan bugunsa, a ja masa ɗan layi, bugu ke nan. Idan kuwa ya isa ne don wani mai tsaro ya yi sake da ƙwallon da ya kamata ya kama, a rubuta lambar mai sakacin, kuskure ke nan. Alƙalin wasa ba ruwansa da wannan, shi dai ya ce an tsira ko an fita. Bugu ne ko kuskure, mai littafi kaɗai ke yankewa.

"Mai littafi ba ya tafi," in ji mahaifin. "Hannunsa da aiki."

Iyakar karatun ke nan. Ba mutum ba ne mai yawan magana.

Yayanta Emil Kasparek shi ne mai jifan ƙungiyar, wato mai jefa wa masu bugu ƙwallo. Dogo ne, mai baki, direban motar madara, kuma idan ya saki ƙwallo jikinsa duka yakan bi ta, ya tafi tangal-tangal wajen zangon farko kamar wanda aka hankaɗa. A zango na uku kuma, mai lamba biyar, akwai wani Orrin Tollefson, ɗan gonakin arewa, mai faffaɗan kunnuwa, wanda kan yi wuni bai furta kalma goma ba.

Akwai abin da kowane mai jifa ke mafarki: ya jefa turmi tara cur ba wanda ya samu bugu a kansa, ko guda. Kuskuren abokan wasa ba ya ɓata wannan, bugu ne kaɗai ke ɓatawa. Mutum kan yi shekara ashirin yana jifa bai ko shinshina ba.

Emil ya shinshina ranar wata Lahadi ta Yulin 1964, da 'yan garin Halvor suka zo. Tun daga turmi na biyar mutane suka daina hira. Al'ada ce ba a ambaton abin da ke faruwa don kada baki ya ɓata shi, saboda haka mata suka yi ta fifita da takardun waƙoƙin coci, maza suka bi takalmansu da kallo, ba wanda ya zauna kusa da Emil a benci. Rana ta yi nauyi. Bayan shinge masara ta kai kafaɗa, iska tana bi ta kanta a hankali kamar hannu a kan bayan kyanwa.

Da safen ranar, a bakin coci, Orrin ya tsaya gaban Verna yana murza hularsa, ya ce yana da wata tambaya, amma sai bayan wasa. Shekararta goma sha tara. Ta riƙe maganar har turmi bakwai ba ta bar ta ta taɓa fensir ba. A na takwas, an fitar da mutum biyu, idonta ya zame ya haye shinge, ya bi kan masarar har tsohon gidan iyalin Petersen da ba kowa a ciki. A zuci ta ga an yi masa fenti. Ta ga tagar kicin a buɗe, da labule ruwan ɗorawa yana shiga yana fita, da wata mata tsaye a bayansa tana wanke kofuna biyu.

Ƙarar kulki ce ta dawo da ita. Ko da ta duba, ƙwallo tana gangarawa a ciyawa bayan Orrin, mai bugu ya taka zangon farko, kuma mutum ɗari uku sun juyo suna kallon akurkinta. Wuyan Orrin ya yi ja har kunnuwa. Hannunta ya sauka a kan takarda ya ja ɗan layi. Mai lasifika da ke gefenta ya leƙa littafin, ya faɗa wa fili cewa bugu ne.

Ba wanda ya ƙara samun komai a kan Emil ranar. Brodek ta ci uku da nema. Shi kuwa ya wuce ta gaban akurkin bai dube ta ba.

Orrin ya yi tambayarsa, aka ɗaura aure a lokacin kaka. Gari ya ce abin da gari kan ce: yarinya ta rufa wa saurayinta asiri, ta tona na ɗan'uwanta. Wasu suka ce a'a, ƙwallon ta zo da wuta, ta yi tsalle a kan tsakuwa, ko aljani ba zai kama ta ba. Aka yi shekaru ana wannan musu a shagon aski da wurin sayar da iri. Verna ba ta taɓa sa baki ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai dai tun daga ranar ba a ƙara ganin idonta ya bar ƙwallo ba, ko da jaririnta na kuka a kwando gefen ƙafarta, har aka san ta a garuruwan yankin da cewa ita ce matar da ba abin da ke wuce ta.

Rayuwa ta yi tafiyarta. Orrin ya buɗe garejin gyaran tarakta, suka zauna a saman garejin, suka haifi uku. Verna ta yi shekara talatin tana dafa wa 'yan makaranta abincin rana. Emil bai yi gaba da ita ba, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma ya laƙaba mata Alƙaliya, kuma duk shekara a bikin godiya, da an yanka talotalo, sai ya miƙa wa Orrin faranti ya ce, "Riƙe da hannu biyu, suruki, na san halinka." Orrin ya karɓa ya yi murmushi. Shekara takwas ke nan da aka binne Orrin a bayan coci.

Wasan ma bai tsaya ba. Kulkin ƙarfe ya zo da ƙararsa mai kama da ta kwano, ya yi zamaninsa, aka koma na itace. Aka kafa fitilu. Masu jifa suka daina kai wa turmi tara, mutum ya jefa biyar a ce ya huta. Daga baya aka zo da rubuta wasa a waya, ana latsawa kawai, har a maimaita hoton abin da ya wuce a gani. A shekarar ne Verna ta cire fensiran daga gashinta, ta jera littattafanta hamsin da ɗaya a kabad ɗin da take ajiye barguna.

Emil kuwa da ya bar jifa sai ya koma karatu. Ɗakinsa cike yake da littattafan manyan 'yan wasa, na da da na yanzu, waɗanda suka tashi daga gona suka yi suna da waɗanda hannu ya ci amanarsu. Kowane littafi daga baya yake fara shi, inda ake jera sunaye da lambobi. Yakan ce labari na gaba ƙawa ne, gaskiyar tana baya.

Shekarar da ƙungiyoyin yankin suka cika shekara ɗari, wata tsohuwar malamar makaranta mai suna Nadine Okerlund ta ɗauki aikin rubuta tarihinsu. Ta zo gidan Verna a watan Afrilu, ƙanƙara tana narkewa daga rufi ɗis-ɗis. Kwana uku ta yi a teburin kicin tana buɗe koren littattafan a hankali, kamar mai juya jariri. Rana ta uku ta tsaya a wani shafi ta cire tabarau.

"Goggo Verna, a bayan littafin zan jera waɗanda suka jefa wasan da ba bugu. Cikin shekara ɗari, mutum shida ne."

"Na rubuta biyu daga ciki."

"Na gani. Ɗan'uwanki ya kira ni sau huɗu."

"Huɗu kawai? Ya tsufa."

Nadine ta yi dariya, sannan ta sa yatsa kusa da ɗan layin, ba ta taɓa shi ba. Ta ce jaridar lokacin sakamako kaɗai ta buga, kuma waɗanda suka ga wasan, ban da Verna da Emil, sun ƙare, sai biyu da ko sunan 'ya'yansu ba sa tunawa. Ta tambayi shugabannin ƙungiyoyi, sun ce mai littafi tana raye, maganarta ce magana. In ta ce kuskure ne, shida za su zama bakwai.

"Ba matsa miki nake ba. Amma ƙarshen wata za a kai wa maɗaba'a. Kuma akwai shafinki, da hotonki a akurki. Kowa na tambaya abu ɗaya yake faɗa mini, wai ba ki taɓa ƙifta ido ba."

Verna ta tashi ta ƙara mata kofi.

Emil yana da tamanin da uku, zuciyarsa kuma likita ya ce a bi ta a hankali. Fensir ne, ba tawada ba. Gogewa ɗaya, a rubuta biyar a wurin, shi ke nan. Mai lamba biyar ba ya nan balle ya ji ciwo, kuma da yana nan ma murmushi zai yi. Ta san haka. Ta ɗauko abin gogewa ta ajiye kusa da littafin, suka yi mako suna kallon juna a kan tebur.

Wata rana da la'asar ta taka zuwa fili. Ba kowa, ciyawa ba ta gama farfaɗowa ba. Ta shiga akurkin, wanda yanzu aka sa wa gilashi, ta zauna ta kafa ido a zango na uku. Tana ganin kamar in ta daɗe tana kallo ƙwallon za ta sake zuwa, ta gan ta wannan karon. Ta rufe ido, ta ji warin tsiran alade a kan gawayi, ta ji takardun fifita, ta ga Emil ya ɗaga ƙafa. Yana sakin ƙwallo sai masara ta taso ta rufe komai, kore, tana kaɗawa. Sau uku tana gwadawa. Da ta buɗe ido gonar fayau take, baƙar ƙasa har iyakar gani, wasu agwagin daji suna kiwo a inda ruwa ya kwanta.

Washegari ta toya kolachi, gurasar nan mai zaƙi ta kakanninsu, ta nufi gidan Emil da littafin a hammata. Ta same shi a kujerarsa bakin taga, bargo a gwiwa, gilashin ƙara girman rubutu a hannu.

"Alƙaliya ta iso," ya ce. "Kowa ya miƙe."

"Zauna abinka, gwiwoyinka ba za su yafe mini ba."

"Me kika kawo? In cin hanci ne, ni ya kamata in bayar."

"Likita ya ce ɗaya."

"Likita bai san wasa ba." Ya ɗauki biyu. Sai idonsa ya faɗa kan koren bangon, ya daina tauna. Rabon da ya ga littafin nan tun yana da gashi.

Ta zauna ta ɗora shi a cinya, ba ta buɗe ba.

"Emil, ban gani ba."

"Me?"

"Ƙwallon. Ban gan ta ba. Ƙara na ji, na ɗago tana bayan Orrin."

A waje wata mota ta wuce tana fantsama ruwa.

"Shi kike kallo."

"Ko shi ban kalla ba. Gidan Petersen nake kallo. Ina sa masa labule."

"Labule."

"Ruwan ɗorawa."

Ya ajiye kolachin a kan bargo. "Ku da ba ku ma zauna a gidan ba."

"An rushe shi kafin biki."

"Labulen fa?"

"Kore na saya. Shi ne mai araha."

Wani abu ya fito daga ƙirjinsa, ta zaci tari ne har ta miƙa hannu ga kofin ruwa, ashe dariya ce. Ya yi ta har ya share ido da gefen bargo. Da ta lafa, fuskarsa ba ta koma yadda take ba.

"Shekara hamsin da tara ina faɗa da mai ɗinkin labule," ya ce.

"Kai da ka gani, faɗa mini. Ba don littafi ba. Ina so in sani."

Ya juya wajen taga. "Kin san yadda nake faɗuwa in na yi jifa. Bayana na ba zango na uku. Ni ma ƙarar na ji."

"Amma kullum kana cewa..."

"Ina cewa. Wa zai ce in ban ce ba?" Ya murza gilashin a tafinsa. "Na tambayi mijinki. Kowane hunturu, muna zaune a kan tafki mun huda ƙanƙara muna jiran kifi, ba kowa sai mu biyu, in ce Orrin, tsakaninka da Allah. Ya ce in tambayi mai littafi. Shekara arba'in, amsa ɗaya. Ke bai faɗa miki ba?"

"Ban tambaya ba. Da na tambaya, da ya gane."

"Ya gane mana. Kunnuwan nan ba na ado ba ne."

Sannan ya gyara zama, muryarsa ta sauka, ta koma irin ta lokacin da yake roƙonta ta rufa masa asiri wurin mahaifinsu.

"To, Verna. Tunda ba wanda ya gani, ba wanda za a yi wa ƙarya. Ki ba ni. Layi ɗaya ne a bayan littafi. Ba zan daɗe ina damun ki da shi ba."

Rabon da ya kira ta da sunanta ta manta. Ta dubi hannunsa na dama, yatsun da suka karkace tun yana saurayi. Abin gogewar yana aljihun rigarta, tana jin tudunsa.

"Na rubuta sau ɗaya ban gani ba," ta ce. "Ba zan rubuta sau biyu ba."

Ya mayar da fuskarsa wajen taga. Ta jira, ta tattara farantin, ta ce za ta leƙo jibi. Har ta kai ƙofa bai juyo ba.

Da ta isa gida ta kira Nadine, ta ce ta ɗauko alƙalami. Ta faɗa mata komai, da bakin coci, da masara, da labulen. Nadine ta ce ba dole sai an buga wannan ba, ana iya barin layin yadda yake a yi shiru, shafinta ya fito da kyansa. Verna ta ce a buga, kuma a cire zancen ƙifta ido.

Mako uku Emil ba ya ɗaukar wayarta. Ta ci gaba da ajiye masa miya a bakin ƙofa, kwanon yana dawowa a wanke.

Littafin ya fito a watan Yuni, ranar da aka yi bikin cika ɗari a filin Brodek. Kafin la'asar kowa ya karanta shafin. Wasu tsofaffi suka gaishe ta sama-sama. Wata mata da ba ta sani ba ta riƙe hannunta ta tambaye ta ko ruwan ɗorawa mai haske ne ko mai duhu. Verna ba ta shiga akurki ba, ta zauna a benci cikin mutane, hannuwanta a cinya, ba ta san abin da za ta yi da su ba.

A turmi na uku aka turo Emil a keken guragu aka tsayar da shi gefenta. Littafin na kan gwiwarsa, an riga an lanƙwasa kusurwar shafi biyu. Bai gaishe ta ba. Suka kalli wani saurayi yana jifa, mai ƙarfi, ba dabara.

"Shidan nan," ya ce, idonsa na kan fili, "layi ɗaiɗai aka ba su. Na auna. Ni shafi ɗaya da rabi."

"Rabin nawa ne."

"Rabin naki labule ne." Ya ja numfashi a hankali. "Amma ba na cikin jerin."

"Ba ka ciki."

Aka doki wata ƙwallo ƙasa-ƙasa wajen zango na uku, mai tsaro ya durƙusa ya kama ta tsaf ya jefa. Su biyun suka bi ta da ido har ta shiga safar hannun mai tsaron zangon farko.

"Waccan ma irin wannan ce," in ji Emil. "Kuskure ne, Alƙaliya."

"Wataƙila," ta ce.

Ya juyo ya dube ta. Sannan ya ce ta tura shi gaba kaɗan, rana tana dukan idonsa.